Inci Goma Sha Shida

Wata bakwai ina tara kuɗi a Kutaisi,
ina dakon siminti, ina cin burodi da cuku a tsaye,
duk don wili huɗu da ke jingine
a ƙofar shagon Badri, suna ƙyalli kamar sabon faranti.
Inci goma sha tara.
Ko barci na yi, su ne a ƙarƙashin tsohuwar motata.

Na zube kuɗin kan benci, na ce, "Ɗaura."
Badri bai ko dube su ba.
Ya goge hannu da tsumma,
ya durƙusa gaban mota kamar mai gaida surukai,
ya ce, "Ido ya san kima, amma ai ba mudu ba ne.
Tsiala, miƙo ma'auni."

'Yarsa ce, da fensir a bayan kunne.
Ta ƙirga ramukan noti, biyar.
Na ce, "Waɗancan ma biyar ne!"
Ta ce, "Akwai biyar, akwai biyar.
Naka ɗari ne faɗin zagayensu, waɗancan ɗari da sha huɗu.
Yatsu biyar gare ka, biyar gare ni,
zura safar hannuna mu gani."

Ban daddara ba.
Na tono wasu a bayan shago, masu ramuka daidai,
su ma sha tara, su ma masu ɗaukar ido.
Badri ya ɗaga kafaɗa, ya ɗaga mota a jak,
ya ɗaura guda ɗaya, ya sauke.
Kai, ta yi kyau!
Tayar siririya, kamar an zana ta da kwalli.

"Shiga," in ji shi. "Murɗa sitiyari har ƙarshe."
Na murɗa.
Ƙiiiit.
Roba ta gurji ƙarfe, sai da haƙorana suka amsa.
Wilin ya leƙo waje da faɗin yatsa biyu,
kamar ɗan maƙwabci mai son jin gulma.

"Wannan a fili ke nan, ba kaya, ba kowa.
Ina kake zuwa da ita?"
Na ce, "Racha, wajen kakata, duk ƙarshen wata."
Tsiala ta yi dariya har fensir ya faɗi.

Badri ya dafa gefen tayar da babban yatsa:
"Nan ne katifar mota.
Duk incin da ka ƙara wa ƙarfe, daga nan ka yanko shi.
Rami ba ya duba ƙyalli.
Zai karɓi gaisuwarka, ya lanƙwasa maka baki,
ka kwana kan dutse, cikin ƙanƙara, kana jiran mai ja."

Na yi shiru.
Kwaɗayi na ja, hanya na ja.

Sha shida na ɗauka, masu launin toka,
ba mai waiwayowa dominsu.
Canjin ya isa tayoyin sanyi,
har da ragowar kuɗin mai.

Ranar Asabar na hau tudu.
Bayan gada ta biyu, inda kwalta ke sallama,
rami ya yi min kwanton ɓauna a kwana.
Dum!
Na riƙe numfashi, na saurara.
Babu komai. Mota ta haɗiye, ta wuce.

Kakata Eteri na bakin ƙofa da mayafin ulu.
Na tsayar da motar a karkace don ta gani,
na ma ɗan goge wilin gaba da hannun riga.
Ta zagaya ta bayana,
ta buɗe but, ta ɗaga kwali,
ta ƙirga ƙwai talatin da na kawo mata.

"Ko ɗaya bai fashe ba," ta ce.
"Yau ka koyi tuƙi ke nan."