Wa Ya Tuƙa?

Na fito da safe da niyya guda:
maganin hawan jini a kemis ɗin Tudun Wada,
takardar likita a aljihun gaba,
kuɗin a ƙulle cikin hankici.

Ban farga ba sai a Kakuri.
Keken ya haye gada da kansa,
ya sha kwana inda ya saba sha,
ya tsaya gaban ƙofar masaƙa,
wadda tsatsa ta cinye kwaɗonta
tun Barira tana goye.
Har na ɗaga hannu zan gai da maigadi.
Ƙadangare ne ya gyaɗa mini kai.

Wa ya tuƙa? Ni dai ina bisa sirdi.

Barira, jikata, yanzu mai farin kaya a asibiti,
ta juya takardar ta yi mini zane.
"Baba, hanya biyu ce a cikin kai.
Ɗaya na nan bayan goshi,
mai lissafi, kamar mai awon hatsi:
me zan samu, ya kai a je?
Ɗayar na can ƙasa, tsakiyar ƙwaƙwalwa,
ba ta tambaya.
An bi ta, an bi ta, har ta zama burtali.
Duk ranar albashi wani ɗan ruwa yakan ɗiga
a mahaɗar jijiyoyi, ya ce: a maimaita.
Shekara ashirin da shida yana ɗiga.
Albashi ya tafi, burtali na nan."

Na ce, ashe ba tsufa ba ne.
Ta ce, da tsufan ma, kaɗan.
In hankali ya tafi kiwo,
sabo ne ke karɓar linzami.

Yau na ɗaura jan zare a hannun keke,
ragowar zaren masaƙa ne ma,
ina tafe ina faɗa a fili kamar mai talla:
kemis, kemis, Tudun Wada.
Yara suna kallona.

A mararraba hannuna ya ɗan karkata kudu.
Na ji shi, kamar akuya na jan igiya
ta hango gidan da aka sayo ta.
Na riƙe. Na sa ƙafa a ƙasa.
Mai a-daidaita-sahu yana ta hon a bayana,
ni kuwa ina sasanta mutum biyu
da ke hula ɗaya.

Na sayo maganin.
Sai dai a hanyar dawowa,
ban san lokacin da na fara fito ba,
irin na tashi daga aikin dare.