Littafi na Bakwai

A Duluth, inda tafki ke kwaikwayon teku,
dare kan faɗo tun ƙarfe huɗu da rabi
kamar baƙon da bai iya sallama ba.
A nan na koyi son gawa a cikin ƙanƙara.
Ta takarda nake nufi, kada a kira min 'yan sanda.

Gudrun ce ta jawo min,
maƙwabciyata, tamanin da ɗoriya,
wadda kakanta ya baro Nowe da akwati ɗaya da tari.
Ta saman shinge ta miƙo na farko:
"In ka gano mai kisan kafin shafi na ɗari biyu,
ni zan kwashe maka ƙanƙarar ƙofa."
Ni na kwashe tata har sanyi ya wuce.

Sufeton nan nasu, Allah sarki,
kofi ya huce, mota na gardama,
'yarsa ba ta ɗaga waya.
Yana bin sawu a kan farin fili
yadda Baffa Ɗanlami ya bi sawun akuyarmu,
kai a sunkuye, baki gum,
ciki fal da zargin maƙwabta.

A ɗakin gwajin jini, aikin dare,
tsakanin kwalba da kwalba nakan saci shafi.
Na biyu ya ƙona min shinkafa.
Na huɗu ya zarce da ni tasha uku a bas.
Na biyar kuwa, Hansatu ta jefa shi a firji,
ta ce, tunda sanyi yake so, ga shi nan.

Ƙasar da aka ce babu mai kwana da yunwa,
kowace taga da farin labule,
amma ɗaga daɓe, sai ƙashi.
Ashe kowane tuwo da gudajinsa.

Na bakwai bai zo ta shinge ba.
Motar asibiti ce ta zo, fitila babu jiniya.

Yanzu duk Lahadi ina hawa tudu zuwa gidan tsofaffi,
littafin a aljihun rigar sanyi.
Idonta ya gaji, ni ke karantawa.
Ina karya sunayen garuruwansu, tana ɗorawa,
wannan kam bai ɓace mata ba.
Sau uku ta sauke shi a da, in ji 'yarta,
amma mai kisan ya sulale mata daga ka,
sai muka zama biyu a duhu ɗaya.
Ta ce mai jirgin fito ne.
Na ce likitan, dubi yadda yake wanke hannu.

Saura shafi arba'in ta dafa ni:
"Ya isa, Tanimu.
Bar shi ya kwana da fargabarsa zuwa mako."

A waje wani jirgi ya yi wa gada kuka.
Na gangaro a hankali,
sau biyu ina waiwayen sawuna.