Littafin Goggo Tasalla

Ran da na fara zuwa gidanta a Harbo,
da jakata da abin awon jini,
jikanta na duba: ta ci? Ta yi barci?
Sai aka amsa daga kan gado:
"'Yar nan, ɓarin jikina ne ya shanye, ba kunnena ba.
In tambaya ce, ga mai jikin."
Na haɗiye kunyata ba ruwa.

Mu huɗu ne a kanta.
Hansatu ke wanka da juyi,
kada kwanciya ta haƙa mata gyambo a baya.
Kallamu na babur, shi ke karɓo magani a Jahun.
Malam Barau mai gashi, Litinin da Alhamis,
yana lanƙwasa gwiwa yana ƙirge a hankali.
Ni Ladidi, nawa awo ne da rubutu.
Amma littafin ba ya kwana a jakata,
yana ƙarƙashin matashinta,
da ajaminta karkatacce a gefen shafi:
wa ya zo, wa ya makara, nawa aka ba wa.

Ita ta yanke lokacin wanka,
sai hantsi ya dubi ludayi, ba da asuba ba.
Ita ta sallami wadda aka fara kawowa,
mai ba ta koko kamar ana ɗura tulu.
Ta ce cokali ma yana da ladabi,
ya jira baki ya buɗe.

Na koyi tsayawa a ƙofa har a ce shigo.
Na koyi riƙe hannuna a baya
tana kokawa da ɗaurin kallabi da hannu ɗaya,
minti goma, zufa na tsiyaya,
ni kuma yatsuna na ƙaiƙayi.

Da kaka ta yi, aka yanke riɗinta,
ta ce a kai ta gona ta ga kakkaɓa.
Ranar jininta ya hau.
Muka taru mu huɗu gindin darbejiya,
muna ƙus-ƙus kamar masu rabon gado.
Kallamu ya ce a ce mata taya ta fashe.
Hansatu ta yi shiru.
Ni na tuna ranar farko, na ce a'a,
a koma ɗaki, mai zancen na can.

Na zauna bakin gado na faɗa mata tsaf:
ga lambar da allura ta nuna,
ga rana, ga gargadar hanya,
ga abin da nake tsoro, ban rage ba, ban ƙara gishiri ba.
Ta daɗe tana kallon azara.
Ta ce, "Na ji. Jibi za ni."

To, sai aiki ya sake kama.
Barau ya nuna yadda za a tokare kafaɗar.
Hansatu ta shimfiɗa katifa cikin amalanke,
Kallamu ya aro laima, ya ja shanun a sannu,
na ba ta ƙwayarta tun da safe,
na rubuta lambar asibiti a tafin hannunsa.

A gona ta sa aka zuba mata riɗi a cinya.
Ta cusa hannun da ke ji,
sannan ta ɗauko wanda ba ya ji, ta binne shi ciki.
Ta kama ma'auni da ƙwange, ta yi faɗa,
muryarta har gonar maƙwabta.

Kwana biyu tana fama da ciwon baya.
Ban ce ai na faɗa ba.
Ita ta rubuta da kanta: na je, na wahala, baɗi ma za ni.

Maganar daddawa da gishiri a miya kuwa,
har yau ba mu shirya ba.
Ina faɗa duk Laraba,
tana saurare, tana gyaɗa kai,
sannan ta ce, "Hansatu, ɗan ƙara kaɗan."