Takardar da Ta Sha Ruwa

Mai kwalekwale ne ya kawo ta Yelwa,
naɗe cikin hularsa, ta sha ruwan Kwara.
Ya ce Ɗantani ya ba shi a gaɓar Lakwaja,
a kai wa Hansatu.
Ni ce Hansatu. Ban iya ajami ba.

Liman Barmo ya shanya ta bisa buzu,
ya danne gefenta da dutsen taimama.
Tawada ta zube a farkon layi,
saura kalma biyu tsaye kamar turaku:
sake ta.
Abin da ke gabansu kogi ya lashe.

Liman ya ce, "Na sake ta ne,
ga cikin nun nan ya leƙo.
Je ki fara idda."
Na ƙirga wata biyu.

Sai ga wasiƙar Malam Sambo daga Jega:
"Akwai nun a zan, akwai nun a ban.
In zan ne, niyya ba saki ba ce.
In ban ne, ɗigon can na ƙarshe
da kuka ce kashin ƙuda ne, ba ce ta rage.
Igiyar da aka ɗaura gaban shaidu da goro
ba a kwance ta da tabon ruwa."

Aka kira mai kwalekwale.
Ya ce shi dai ya ji Ɗantani na tsaki yana rubutu.
Aka rubuta tsakin, aka aika Jega.
Jega ta ce shaida ɗaya ne,
kuma an gan shi yana la'asar bayan almuru.
Ambursa ta sa baki, Bunza ta buɗe sharhi,
ɗaliban zaure biyu suka daina gaisawa.

Aka girbe shinkafa, aka sake dasawa.
Mai albasan da ya aiko a tambaya
ya gaji, ya yi aure a Ngaski.
Liman ya rasu cikin azumi,
ɗansa ya gaji buzun da gardamar.

Jiya na karɓo takardata.
Na ɗaga ta a rana, hannuna na ƙarnin kifi.
Ba wanda ya tambaye ni,
amma na san Ɗantani:
ko gishiri zai ce a miƙo,
rabin magana yake yi,
ya bar min sauran.