Kala a Cikin Sanyi

A Ɗa'ifa muke, can bisa duwatsu,
inda gajimare ke shigowa gida ba sallama,
ɗari ya kwana a ƙashi kamar mai bin bashi.
A bayan ɗakinmu akwai ɗan kwarmin wanka,
taku shida tsawo, taku uku faɗi,
zurfinsa iya ƙirjin Inna Tabawa.

Don ita na gina shi. Likita ne ya ce
gwiwar da ta ƙi ƙasa za ta yarda da ruwa.
Duk bazara tana ciki, riƙe da ƙarfen gefe,
tana jan ƙafa, tana ƙirgawa.
Da sanyi ya sauko, ta tsoma yatsa guda,
ta ce, "Harisu, wannan sai kwaɗo."
Ta koma kujera. Gwiwa ta shiga kumbura.

Usta Ɗayyib ya zo ran Talata,
ɗan Mai Wurno, Hausarsa da gishirin Larabci.
Ya sauke farin akwati mai fanka a ƙirji,
ya ba shi sarari, taku biyu daga bango,
wai shi ma yana son numfasawa.

Na leƙa ciki. Na ce, "Ina wutar?"
Ya ce, "Ba ya hura wuta, ɗan'uwa.
Kala yake yi, irin ta bayan girbi.
Iskar nan da ke kaɗa maka haƙora
da sauran ɗumi a cikinta, ƙwaya-ƙwaya.
Fanka ta jawo, gas ya tsince,
inji ya matse shi har ya yi zafi,
ya miƙa wa ruwan da ke bin bututu.
Firji ne aka juya wa baya.
Sai dai ka ba shi kwana uku,
kuma da dare ka lulluɓe ruwan da bargon roba,
don tururi ɓarawo ne, ba ya barin sawu."

Daren farko, sha shida a fuskar ma'auni.
Da asuba, sha tara.
Na tsaya gaban fanka da jallabiya ɗaya,
iskar da take tofarwa ta fi daren sanyi,
iskar da aka zazzage wa aljihu.

Dare na biyu barci ya sace ni, na mance bargo.
Huɗu suka gudu kafin kiran salla.
Inna ta ce, "Kai da injinka,
kuna ɗiban ruwa da kwando."
Ban tanka ba. Na ja robar, na danne da bulo.

Akwai safiyar da ya yi shiru,
raɓa ta daskare a haƙarƙarinsa.
Na ɗauki waya zan kira Usta,
sai ga shi yana zufa, yana narkar da kansa,
ya yi gyaran murya, ya ci gaba.
Ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashinsa
Inna ta sa na tara da gwangwanin madara,
na'ana'arta ke sha.

Ran Lahadi, talatin cif.
Na yaye bargon, tururi ya miƙe tsaye.
Ta fito da zanen wanka da hular ulu,
ta tsoma yatsan nan dai, ta daɗe ba ta cire ba.
Sai ƙafa. Sai ɗaya ƙafar.
Ruwa ya karɓi nauyin shekara saba'in da uku
bai yi nishi ba.

Ɗaya, biyu, bango, juyawa.
Ina tsugune, ina tunanin takardar lantarki,
akwatin yana ta gunjinsa ƙasa-ƙasa.
A taku na arba'in da ɗaya ta tsaya,
ba ta dube ni ba, ta ce,
"Ɗora shayi. Tsinko ganye daga can.
Kuma ka ce wa ɗan Mai Wurno
Juma'a akwai tuwo, kada ya ci abinci ya zo."