Babban Yatsa

A gwangwanin man shafawa na zuba tawada,
na jiƙa soso, na ɗauko tsohuwar rajistar aji shida,
na ja layi uku: suna, lambar kati, gurbin dangwale.
Doka ta ce sai fiye da rabinmu sun sa hannu
kafin a yi wa ɗan majalisa kiranye,
kafin a zo a tambaye mu kai tsaye,
ya zauna ko ya sauka.

Damina uku ke nan da ruwa ya tafi da gadarmu.
Daga wannan gaɓa muna hango motocin Aliero
suna lodin albasar wasu.

Arzika na tarar a rumfa yana ware ruɓaɓɓu,
tulin zubarwa ya fi na sayarwa tsawo.
Ya ce, "Malam, wanga yatsa sau huɗu ina ba da shi aro,
ba a taɓa maido mini shi ba."
Na ce yau bashi za mu karɓo.
Ya goge hannu a wando,
ya danna har takarda ta huje.

Ige ta ce sai ta ji abin da ke rubuce.
Na karanta, ta ce in sake.
"To in munka tsige shi, wa ka gina gadar?"
Na duba jakata, babu amsa a ciki.
Ta daɗe tana kallon soson,
sannan ta miƙo hannu, da sauran ƙullu a kai.

Nomau ya ƙi.
Ɗansa ke tuƙa motar mutumin.
Na sha furarsa, muka yi zancen tsadar taki,
ya raka ni har bakin darni.

Wanda ya hana ni barci Baba Gado ne.
Shekara sittin ƙotar fartanya na cin zanen yatsansa,
da ya danna sai baƙin tabo, sumul kamar ƙwai.
Sau uku muka gwada.
Ya ce, "Rubuta a gefe, ka ce ni ne."

Da dare na ƙirga a hasken tocila,
da sauran tafiya, nesa ƙwarai,
tawada kuma ta kusa gindin gwangwani.
Gobe ƙauyukan ƙetare.
Zan naɗe rajistar a leda, in ɗora a ka,
ruwan bai wuce ƙirji ba tukuna.