Rabi Gaba, Kwata Baya

Akwatin Baba Cindo na ƙarfe ne,
fentinsa ya tafi tun ina yaro.
A ciki taf da dayis suna kwance,
kowane da tsummansa, ɗaya bayan ɗaya.

Ran da ya kai ni Ƙofar Ruwa sayen nawa
bai fara da tambayar kuɗi ba.
Ya ɗaga taf ya saita shi da rana,
ya bi haƙoran da farce,
ya ƙwanƙwasa shi da sufana, ya kasa kunne:
"Ka ji? Na kirki amo yake kamar tasa.
Wancan mai ƙyallin, bar musu kayansu,
kwalliya ce kawai ta ƙarya.

Uku ake saye, 'yan ɗaki ɗaya ne.
Mai tsinin baki shi ke yin sallama,
na biyu ya shiga ya gaisa,
na uku ya kai har ƙurya.
Na mili daban, na inci daban,
kar ka haɗa su, ba sa zaman lafiya."

Ya ɗaure ƙarfe a bayis,
ya ɗiga mai a bakin rami,
ya tsai da taf cak, ya duba ta gaba, ya duba ta gefe.
"In ya karkace a haƙorin fari
a karkace zai tafi har ƙasa.
Murɗa. Ka ji ya yi nauyi?
Ƙaiƙayin ƙarfe ne ya cika masa baki.
Rabi gaba, Nafi'u, kwata baya."

Wata Alhamis Asabe mai markaɗe
ta turo injinta a baro daga Gwammaja.
Tiredin rami ya cinye, bolti na rawa,
ga robobin wake da tattasai na jiranta.
Baba ya tafi jana'iza Kurna.
Na ce ai aikin minti goma ne.
Na tsallake na fari, na ɗau na uku,
ba mai, ba komawa,
na danna da ƙarfin ɗan shekara sha bakwai.
Ƙas!
Ƙarar ba ta fi ta tsinken ashana ba
amma sai da ta tsinka min zuciya.

Baba ya dawo, ya leƙa ramin.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya ce, "Mai yanka ƙarfe ya fi ƙarfe tauri,
diril ba ya cin sa. Ga kurfi, ga 'yar guduma."
Kwana biyu ina tsintar gutsattsari
kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafa.
Asabe na aiko ɗanta safe da yamma,
cinikin da ta rasa Baba ya biya.

Dayis sai da na shekara ya bar ni na taɓa.
A fara fiƙe kan rodi da magagari,
a ɗora ta inda bakin ya fi faɗi.
Noti ya hau da yatsu biyu;
in sai da sufana, kar ka ce ka iya.

Kafin magariba, ko da aiki na jira,
kananzir da tsohon burushin haƙori,
a shafe su da mai, a naɗe kowa shi kaɗai,
don haƙori ba ya son haƙori,
tsatsar damina kuma ba ta sallama.
Aro? Ya sha ba da babur ɗinsa aro,
taf kuwa ko ɗaya.

Yanzu yanar ido ta zaunar da shi
a soronsa na Ƙofar Mazugal.
Ran Juma'a nakan kai masa boltin da na yanka.
Ya murza shi tsakanin yatsun nan shida,
ya yi shiru,
ya ce, "Ka yi sauri a tsakiya."

Guntun taf ɗin nan yana cikin akwati,
na naɗe shi a tsumma kamar sauran.
Yaron da ke koyo a wurina, Huzaifa,
ya zaro shi, ya ce na mene ne wannan?
Na ce ɗauko mai tukuna,
zo nan ka tsaya.